Kindirmo a Gindin Murhu

Jamil ya ajiye samirar a tsakiyar zaure, ya ƙi yarda su haɗa ido.

"Mene ne wannan?" in ji Huseina.

"Inna ce ta ce a dawo miki da abinki."

Ta ɗaga murfin. Warin tsami ya doki hancinta. Abin da ta wuni tana haɗawa jiya ya tsinke ya zama ruwa, yankakken mangwaron ya yi baƙi yana yawo a sama.

Ba abin wasa ta aika ba. Tun da yayanta Tasi'u ya kawo musu firiza mai aiki da sola, Huseina ta ƙware da daskarar da kindirmo saboda babanta mai ciwon suga. Za ta tace kindirmon a farin ƙyalle har ya yi kauri, ta daka dabino a madadin suga, ta yanka mangwaro da gwanda na lambunsu da ke Watari, ta cuɗa, ta sa a firiza. Da azumi ya kama, ga shi an sa ranarta da Jamil, dole ta aika kayan buɗe-baki gidan surukai. Sauran 'yan mata ƙosai da kunu suke kaiwa. Ita kuwa, da yake akwai ta da son a ce ta fi, ta cika samira da daskararren kindirmonta.

Inna Hure, mahaifiyar Jamil, ta yi abin da kowace dattijuwa za ta yi. Ba ta buɗe kwanon surukai a gaban 'yar aike ba. Ta sa albarka, ta ce a ajiye shi a gindin murhu kada ya huce kafin a sha ruwa.

"Ba na gaya maka a waya ba?" in ji Huseina. "Na ce ka gaya mata mai sanyi ne, a sa a gindin randa."

"Na sha'afa, masoyiyata... wallahi sha'afa na yi."

"To da ta buɗe, me ta ce?"

Ya kawar da kai.

"Faɗa min mana. Ai na riga na ji a bakin rijiya."

"Ta ce... ruwan wankin ƙwarya kika aiko mata."

"A gaban matan unguwa. Kana tsaye."

"Huseina, uwata ce. Ta yaya zan ce mata ita ta ɓata a gaban mutane?"

"Da ka ce laifinka ne ai ba ƙarya ka yi ba."

Ta ɗauki samirar ta rungume, ruwan yana zuba a zaninta ba ta damu ba. Ta so Jamil sosai, har yanzu ma tana sonsa, shi ya sa abin ya ci ta har ƙashi.

"Ka ji da kyau. Wannan ruwan wankin ƙwaryar, sai Innarka ta neme shi da bakinta. Kafin nan kada ka ƙara yi min sallama."

Kafin salla sunan ya bi ta. In ta wuce sai ta ji 'yan mata suna ƙus-ƙus, ga mai ruwan ƙwarya nan. Ba ta tanka wa kowa ba. Ta dai ɗaura ɗamara ta shiga ƙulla kindirmon a 'yan ledoji, wani da ayaba, wani da kankana, wani da zallar dabino. Zafin bazara ya taya ta. Bayan salla, ranar kasuwar Tsanyawa, kafin azahar ledojin da ta cika kula da su sun ƙare, kuma matan da suka yi mata dariya su ne a gaba wajen aikowa. Tana sayar musu fuska a sake, tana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya a ranta. Gida ɗaya kawai ta haramta wa, gidan su Jamil.

Mahaifiyarta, Iya Kaltume, ta yi faɗan har ta gaji.

"Ke wai zuciyar nan ta wa kika ɗauko? Aure ake yi da irin wannan riƙon?"

"Iya, ba ke aka kira mai ruwan ƙwarya ba."

Ana cikin haka zazzaɓi ya kwantar da Inna Hure. Ya tafi ya bar mata baki duk gyambo, ko kunu ba ya wucewa. Ta rame har awarwaronta na zamewa. Wata maƙwabciya ta ɗanɗana mata ledar mai gwanda, ba tare da ta faɗi inda ta fito ba, tsohuwa ta shanye tas ta nemi ƙari. Labari bai kwana ba ya iso kunnen Huseina. Washegari maƙwabciyar ta aiko, aka mayar mata da kwanonta wayam.

Da la'asar sai ga Jamil a zaure, idanunsa sun faɗa.

"Na san kin hana ni zuwa. Amma Inna ba ta iya haɗiyar komai sai naki."

Gabanta ya faɗi da ta ga yadda ya koma. Ta danne.

"Ta san nawa ne?"

"Yau ta sani."

"Madalla. To ta zo da kanta ta karɓa. A gaban mata ta zubar min da mutunci, a gaban mata za ta sha."

"Huseina, ki ji tsoron Allah... ko tsayuwa da ƙyar take yi."

"Ran da ta tsaya a kaina ai da ƙarfinta."

Ya daɗe yana kallonta kamar bai san ta ba.

"Ba zan kai mata wannan saƙon ba," ya ce, ya juya.

Bai kai ba. Amma gari ƙarami ne, kuma Huseina da kanta ta tabbatar maganar ta fita.

Washegari da hantsi, tsakar gida cike da mata masu jiran a ƙulla musu, aka yi sallama da wata siririyar murya. Inna Hure ce, tana dogara sanda, mayafinta ya jiƙe da gumi. Jamil ya biyo ta a guje amma iyakarsa zaure. Iya Kaltume ta rasa inda za ta sa kanta don kunya, ta yi sauri ta shimfiɗa tabarma.

Wannan ranar Huseina ta daɗe tana jira. Ta ɗebo mai gwanda a kofin tangaran, ta durƙusa, ta miƙa.

"Ga ruwan wankin ƙwarya, Inna."

Tsohuwa ta karɓa da hannu biyu.

"Na zalunce ki, 'yata. Sai jiya yaron nan ya gaya min abin sanyi ne kika aiko, ni kuwa na kai shi bakin wuta. Ku shaida, ni na ɓata, ba ita ba."

Daɗi ya ratsa Huseina, irin wanda ta yi ta mafarkinsa. Ta jira ta ga cokali ya shiga baki. Amma Inna Hure ta ɗora kofin a cinya ta riƙe kawai. Leɓɓanta a tsattsage, maƙogwaronta na motsi, idonta na kan kofin, kindirmon ya fara narkewa ta gefe.

"Ki sha mana. Zai narke."

"A nan?" Tsohuwa ta sunkuyar da kai. "Ni in ci abu a gidan surukaina? Ai da kunya, 'yata."

Sai a lokacin Huseina ta gane. Watau duk abin nan da ta yi, matar nan ba ta cire ta daga matar ɗanta ba. Ta yarda ta tako da ciwo, ta yarda ta ƙasƙantar da kanta a gaban mata, amma ta gwammace yunwa da ta karya wannan kunyar. Ramuwar da ta yi ta tanadi ta koma mata ɗaci a baki.

Ta fashe da kuka, ta kifa kanta a gwiwar tsohuwar.

"Ki yafe min, Inna... ki yafe min."

"Tashi. Kin rama, kuma kin yi daidai."

Huseina ta share ido, ta wanko samirar nan da ba ta ƙara taɓawa ba tun azumi, ta cika ta, ta naɗe da tawul. Ta ɗora a ka, ta kama hannun Inna Hure.

A zaure Jamil ya miƙe, fuskarsa a ɗaure.

"Hankalinki ya kwanta yanzu? Kin jawo min uwa a rana..."

"Kai, rufe min baki," in ji Inna Hure. "Ran da ya kamata ka yi magana shiru ka yi. Yau ma yi shirun."

Ya sunkuyar da kai. Ya miƙa hannu zai karɓi samirar, Huseina ta kauce.

"Bar shi. Wannan karon ni zan kai da kaina."

Ita ta ba ta a baki ranar, cokali bayan cokali, a ɗakin da za a kawo ta gaisuwa bayan babbar salla. Inna Hure ta shanye, ta lashe cokalin, ta riƙe hannun Huseina ba ta saki ba har barci ya ɗauke ta.