Baƙin Da Kawu Mudi Ya Bayar

Ku matso. Hindatu, kife wayar nan, ko na fasa. Kuma ba na son wanda zai yi mini fitsarin kwance ya ce ni na jawo.

Kun san Kawu Mudi, baban Ummi. Kun san ɗakinsa na zaure da ba ya buɗewa. To da can a ciki yake wuni yana haɗa kibod, wannan allon da ake danna wa kwamfuta rubutu. Ba sayarwa yake ba, so ne kawai. Ya narka dalma, ya dasa madannai ɗaya bayan ɗaya, ya sassaƙa wa kowanne hular itace. Wai na kanti ba su da ɓ, ɗ da ƙ, shi kuwa sai ya yi wanda ke jin Hausa. Ya kara kunne ya danna, ƙas, ƙas, yana murmushi shi kaɗai kamar an yi masa albishir.

Wata Juma'a gari ya tafi masallaci. Shi ya ce bari ya ƙarasa. Unguwa tsit, ko kaza ba ta motsi.

Sai ga mutum a bakin ƙofa. Dogo, da farar riga. Leɓɓansa suka motsa, suka rufe. Sannan sallamar ta fito.

Kun gane? Sai da ya rufe baki muryar ta iso.

Kawu ya amsa. Ya dubi ƙasa. Garin katako ko'ina, amma babu sawu.

“Malam,” in ji mutumin, “ƙarar abin nan na kai mana har gida. Sam mini baƙi ɗaya.”

Baƙi, wato harafi, yadda ake koya muku baƙi da wasali. Kawu so yake kawai ya rabu da shi. Ya ce, “Zaɓi, ranka ya daɗe.”

Mutumin ya sa yatsa ya tumɓuke ƙ, har da gindinsa. Ya bar rami.

“A wurinmu kyauta ba ta zama sai an rubuta. Rubuta.”

Kawu ya fara dannawa. Da ya zo kan ƙ, yatsa ya faɗa rami, ya zame kan maƙwabcinsa, k. Bai lura ba. Abin da ya fito a kwamfuta shi ne: Na ba ka baki ɗaya.

Mutumin ya karanta. Ya yi dariya.

Da muryar Kawu ya yi ta.

Kawu ya buɗe baki zai yi salati. Babu komai. Ko iska. Ya kama maƙogwaro, ya yi tari, tarin ma ba ya ƙara. Wallahi duk lokacin da na zo nan a labarin sai tausayinsa ya kama ni.

Ya zube ya riƙe gefen rigar. Sanyi ƙalau, kamar tulu. Yana nuna kwamfuta, yana girgiza kai, hawaye na zuba.

“Kuskure ne?” in ji mutumin, da muryar da ba tasa ba. “Gyara. Amma liman na sallamewa na tafi da abina.”

Daga nesa lasifika ta kawo kabbara. An tayar da sallah.

Da me zai gyara? Madannin na hannun mutumin. Ya zazzage gwangwanin kaya, babu wani. Ya fizge na kusa zai dasa a ramin, ya ɗauko ƙarfen narka dalma, ashe an ɗauke wuta, ƙarfen ya huce. Batirin kwamfuta ya yi ja. Daga cikin gida ya ji 'yarsa, lokacin tana ƙarama, tana kiran Baba. Ya kasa amsawa.

Liman ya yi ruku'u na biyu.

Sai ya leƙa ramin. Ɗigon dalma biyu na ƙyalli a ƙasa. Ya san aikin madanni duka bai wuce haɗa su ba. Ya ciro siririn sifirin, murɗaɗɗiyar wayar da ke cikin madannin da ya fizge, ya miƙar da shi da haƙori har leɓe ya fashe. Ya goge k. Ya zura wayar a ramin. Ta zame. Ya sake. Ta zame. Gumi na shiga masa ido.

An zauna tahiya.

Ya danne hannu da ɗaya hannun, ya taɓa.

Ƙ ya fito, da lanƙwasarsa.

“Baƙi ɗaya,” mutumin ya karanta a hankali. Ya ajiye madannin a tebur. “Riƙe katakonka. Ba ka rubuta daga ina zan ɗauka ba.”

Liman ya sallame. Ƙofa babu kowa.

Numfashi ya dawo wa Kawu da ƙara. Ya ruga cikin gida, ya sunkuci 'yarsa yana kuka, zai kira sunanta na yanka, Ruƙayya, sunan mahaifiyarsa da ta rasu. Harshe ya kai tsakiya ya faɗa rami. Ya sake gwadawa. Ya sake. Yarinyar ta dube shi ta ce, “Baba, wa kake kira?”

Tun ranar ya koma ce mata Ummi. Ku saurare shi gobe: kofa yake cewa, kafa, karfe. Kada wanda ya yi dariya, zan ci mutuncin yaro.

Kuma in gari ya tafi masallaci, kada in ga ɗayanku shi kaɗai a zauren nan. Mutumin yana da ƙ yanzu. Sauran baƙaƙen yake nema.