Moɗar Gidan Kule

Duk wanda ya san Kule kafin ya kafa injin wuta a kan kogin Nyamwirya ba zai kira shi mugu ba. Gaggawa ce ta yi masa yawa, ita ce kuma ta kai shi ta baro.

Shekara huɗu ya yi yana sintiri tsakanin garin Kasese da babban birni Kamfala da fayil a hammata. Inda ruwan ke faɗowa daga dutse gadonsa ne, masu zuba jari sun amince, masu sayen wuta suna jira. Takarda ɗaya ta rage, ta shaidar tsabtar ruwa, in babu ita ko bulo ba a ɗorawa. Matsalar kuwa, can sama akwai tsohuwar mahaƙar tagulla da dagwalonta ya kwanta a gindin kogi. Da an taɓa ƙasa sai ya tashi, mu na ƙasan kwari kuma ruwan nan muke sha. Sau uku Madam Akello ta hukumar ruwa tana zuwa, ta ɗiba a kwalba da hannunta, ta liƙe da hatimi. Sau uku sakamako yana dawowa da jan biro.

"Haba Madam! Injin zan juya da shi, ba jariri zan yi wa wanka ba," in ji Kule.

"Ka kwashe dagwalon, ka haƙa tafkin tacewa, sannan ka kira ni."

"Wasu shekaru biyun ke nan fa!"

"To ni na zuba tagullar?"

A gida matarsa Ithungu ta ajiye masa tuwon rogo ta ce, "Baban Masika, ka yi huɗu, biyu ce za ta kashe ka?" Ya ture kwanon. Washegari da rana tsaka ya hau dutse wurin boka Sibendire.

Wurin tsafin yana inda rafuffuka biyu suka haɗu. 'Yan bukkokin ciyawa ne guda uku, ba su wuce gwiwa ba, kowace da tukunya a kife a bakinta. An rataye ƙahonin akuya a jikin itacen ayabar da ya bushe a tsaye, jini ya daskare a kan wani faffaɗan dutse. Rana na dukan ko'ina amma wurin sanyi ƙalau, ko tsuntsu ba ya kuka. Tsohon na zaune ƙafafunsa cikin ruwa, bai ko waiwayo ba.

"Matar hukumar za a juya wa kai?"

"A'a Baba, ko an juya nata, injin awo ba ya jin magani. Kwalbar nake so ta isa birni da tsabta."

Sibendire ya yi dariyar da ba ta da daɗin ji. "Mai sauƙi. Amma ka sani, ruwa ba ya yar da dattinsa a iska. Abin da ya fita daga kwalba sai ya sami mazubi."

"Nawa zan biya?"

"Riƙe shilin ɗinka. Moɗar da ake sha da ita a gidanku za ka kawo."

"Moɗa? Ita ke nan?"

"Ita ke nan. Dattin zai bi ta inda moɗa ta bi."

"Ni fa? Ni ma na sha da ita."

"Kai ba zai taɓa ka ba. In ka tafi, wa zai karɓi takarda?"

Mai hankali ko a nan ya ɗauki takalmansa. Shi kuwa gogan lissafin injiniya ya yi: randa ce abin nufi, sai ya fasa randar, ya kwashe iyali zuwa gari inda ake shan ruwan roba. Har murmushi ya yi, wai ya yi wa boka wayo. Ya kawo tsohuwar moɗar mahaifiyarsa, Sibendire ya yanka baƙar kaza a ciki, ya cika ta da dagwalo, ya kife ta a ƙarƙashin tukunyar tsakiya.

Awo na huɗu ya fito tas. Madam Akello ta sake ɗiba don ba ta yarda ba, ya sake fitowa tas. Aka buga hatimi, aka yi gini, injin ya soma ruri. Kafin shekara Kule ya yi gidan bene a Kasese da motoci biyu, coci ta ba shi kujerar gaba. Mu kuwa awakinmu suna mutuwa, yaranmu suna ciwon ciki, in mun kai kuka sai a nuna mana takarda.

A makon awo na huɗu mahaifiyarsa ta rasu, a na biyar ƙanwarta da ke zaune tare da su, duka suna aman kore-kore, suna cewa bakinsu ɗanɗanon ƙarfe. Aka ce tsufa ne, shi ma ya gaya wa kansa hakan. Abin da ya manta shi ne sharaɗin da ke bayan lasisin da ya sa wa hannu: duk wata uku sai an dawo an ɗibi ruwa. Aka ɗiba, ƙaninsa Thembo ya faɗi matacce a gareji. Aka sake ɗiba, autansa Bwambale ya sha ruwan roba mai hatimin kamfani, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Daga ranar Ithungu ta daina shan ruwa sai an danne ta. Ta farfasa kofunan gidan, tana bin baƙi tana fizge na hannunsu tana ihu, "Kore ne! Ba ku gani ba? Kore ne!" A wata na uku aka sake ɗiba, ita ma ta huta.

Saura Masika, 'yarsa ta fari, da ke karatun jinya a Kamfala. Kule ya koma kan dutse da rarrafe.

"Baba, ba ni moɗar! Ka ɗauki injin, ka ɗauki gidan!"

Sibendire ya ɗaga tukunya. Babu komai a ƙarƙashi sai jiƙaƙƙiyar ƙasa. "Kogi ya karɓa, ɗana. In ba a ɗiba ba, ba mai sha. Je ka hana ɗiba."

Ya kashe injin, ya rubuta takardar ajiye lasisi, ya tari Madam Akello a bakin gada ranar awo.

"Madam, na rufe! Don girman Allah kada ki ɗiba. Ruwan nan guba ne, ki rubuta guba ne!"

"Kule, mutuwar nan ta taɓa ka, na sani. Amma ba na rubuta abin da ban auna ba. Ko rufewa za ka yi, doka ta ce sai an ɗibi na ƙarshe."

"Ƙarya ce takardar! Boka ne ya..."

"Ku riƙe min shi kada ya faɗa ruwa."

Direbanta da mai gadi suka rirriƙe shi. Yana kallo ta durƙusa ta nitsa kwalbar cikin ruwa mai kauri kamar kunu, ta ɗago ta. Kafin ta murɗa murfin ruwan ciki ya washe garau. Ba su kai mota ba wayarsa ta soma ƙara a aljihu, lambar makarantar Masika ce.

Bayan mako biyu sakamako ya iso: ruwan Nyamwirya ba shi da aibi ko ƙwaya ɗaya. Yau injin ya yi tsatsa, gidan bene jemagu ke kwana a ciki. Kule yana nan bakin gada cikin tsumma, takardar a ƙirjinsa, yana kamfatar ruwan kogi da hannu biyu yana ɗurawa cikinsa tun safe har yamma. Ko ciwon kai ba ya yi.

Ku masu ganin doka ta tsaya muku a wuya, ku je ku kalle shi. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma duk dattin da ka ɓoye wa hukuma, wani zai shanye shi, ba kai za ka zaɓi ko wane ne ba. Shekara biyu kacal aka ce ya jira.