Ranar Da Ya Kashe Waya

"Fisabilillahi, ina saman turken wuta za ki yi ta kira na?"

Auta ta sunkuyar da kai. Mijin nata mai gyaran lantarki ne, kuma da ya sa ƙafa ya fita da safe gabanta ke faɗuwa har ya dawo. Ba a kansa kaɗai ba. Ko ta kashe gas sai ta koma ta shafa, mahaifiyarta ta yi tari a waya abinci ya fita ranta. Likita ya ce ciwon fargaba ne, ya sa ta a magani. Dangin miji suka ce sangarta ce.

"Yi haƙuri, masoyi... muryarka kawai nake son ji."

"To ga ni nan, ban mutu ba."

Yayarsa, wadda ta zo wuni, ta taɓe baki. "Kai ka ɓata ta. Bar ni da ita, rana ɗaya ta ishe ni."

Auta ta ɗauka wasa ne, har da 'yar dariyarta, baiwar Allah.

Washegari da hantsi ta kira shi, waya a kashe. Ta sake, a kashe. Sai ga kiran Yaya.

"Kin ji kuwa? Wai wuta ta ja wani a wajen aikinsu..." Ƙit, ta katse.

Da takalmi wari-wari Auta ta fita. A asibiti ta bi gado-gado tana leƙa fuskokin mazan mutane. Daga ƙarshe wata ma'aikaciya ta ji tausayinta, ta raka ta ɗakin ajiye gawa. Aka yaye mayafi, ta ga wani bawan Allah da ba ta sani ba, amma a ranta ta riga ta gama binne mijinta.

Da la'asar ta ja ƙafa ta koma gida. Tun daga ƙofa ta jiyo dariya. Yana zaune a falo da faranti a cinya, Yaya na gefensa.

"Kin gani ko?" in ji Yaya. "Duk haukan nan, me ya faru? Ai kin warke ke nan!"

Auta ba ta ko kalle ta ba. Shi ta kalla.

"Da saninka?"

Ya sosa ƙeya. "Don ke muka yi, zuciyata... ni na kashe wayar."

Daga ranar ba ta ƙara kiransa ba. Ya riƙa bugun ƙirji a cikin dangi wai maganin Yaya ya fi na likita. Bai lura har yanzu tana komawa ta shafa gas ba, bai ga yadda ta cinye farcenta har nama ba.

Ran nan aka tafka ruwa da tsawa yana bakin aiki. Ya shigo jiƙe sharkaf, ya duba waya, ko kira ɗaya babu. Abin ya soke shi.

"Auta... cikin wannan ruwan, ko ki neme ni?"

Ta miƙa masa tawul, idonta a bushe.

"Na riga na yi kukan mutuwarka a ɗakin gawa. Ba ni da wani."

Ta wuce kicin ta sake duba gas.