Lamba Ɗari da Goma Sha Huɗu

Ranar Talata ce. An wuni ana yayyafi, rana ba ta leƙo ba.

Likita ya dawo daga asibitin koyarwa da la'asar, ya tarar da takalman mahaifiyarsa, Inna, a bakin ƙofa. Shekara tara da aurensa babu haihuwa, tsohuwar kuwa magana ɗaya ke kawo ta.

A waje babban mutum ne. Shekara huɗu da suka wuce ya fitar da wani bincike a mujallar likitoci. Ya auna maza ɗari uku waɗanda matansu ba su haihu ba, ya nuna cewa da yawansu matsalar daga gare su take. Tun daga nan masana ke kafa hujja da shi, ɗalibai na haddace shi don jarrabawa, wasu asibitoci ma suka daina duba mace sai mijinta ya biyo ta. Abin da bai gaya wa kowa ba, ya saka nasa gwajin a cikin binciken, babu suna, sai lamba ɗari da goma sha huɗu. Sakamakon bai yi kyau ba. Ya ja bakinsa ya yi gum.

Ya shiga falo. Matarsa na durƙushe tana zuba wa Inna shayi.

"Auta, sannu da zuwa!" in ji Inna. "Yau na sha albarka saboda kai. Ka san 'yar maƙwabciyata da miji ya kusa kora? Likitansu ya ce sai an auna mijin, wai haka takardarka ta ce. Ashe shi ne! An yi masa magani, ga ta da ciki wata biyar."

"Madalla," ya ce.

"Madallar me? Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi! Kana gyara gidajen mutane, naka ko kukan jariri babu. Kai dai lafiyarka ƙalau, ubanka goma sha ɗaya ya haifa. Ka sallami juyar nan, ta je ta huta, mu ma mu huta."

Likita ya sunkuyar da kai.

"Inna, haihuwa ta Allah ce."

"Shekara tara kana karanta min wannan! Zuwa Juma'a na ba ka."

Ta ja mayafinta ta fice.

Ya daɗe a zaune. Da ya shiga ɗaki, ya tarar da akwati buɗe a kan gado, matarsa tana ninke kaya, hawaye na ɗiga a kansu.

"Haba, Sakatariya," ya ce. Sunan da yake tsokanarta da shi ke nan, don ita ke buga masa takardunsa a kwamfuta. "Ki yi haƙuri, kin san halin tsufa."

"Likita, wa ya buga maka binciken nan?"

"Ke ce."

"Layi ɗari uku, da yatsun nan. Lamba ɗari da goma sha huɗu: shekara talatin da takwas, aure shekara biyar, ya yi hangum yana ɗan sha tara, har ya sauka masa ƙasa ya taɓa maraina. Kai ka ba ni labarin hangum ɗin da bakinka, kana cewa kumatunka sun zama kamar na biri ya saci masara."

Ya zauna a bakin gado.

"Kin sani?"

"Shekara huɗu."

"Kika yi shiru?"

"Asirin mijina ne, a wace kasuwa zan baje shi? Na ce ranar da ka shirya za ka faɗa min, mu yi kukanmu tare. Wallahi ba rashin ɗa ke kora ta ba, kai na aura. Amma yau an kira ni juya a gabanka, kai kuwa kana ƙirga yatsun ƙafarka! Ka wanke matan mutane a idon duniya, taka ka bar ta da dauɗa."

Mutumin da ke tsayawa gaban masana ɗari biyar ya yi awa guda yana bayani, sai ga shi yana kuka kamar maraya.

"Ki ba ni zuwa gobe," ya ce.

Ta dube shi har ya kasa jurewa. Sannan ta ajiye zanen da ke hannunta.

"Na yi shekara huɗu. Kwana ɗaya ba zai kashe ni ba."

Ilimin da bai fara shiga gidan mai shi ba, littattafai ne a bayan jaki. Wanda kuma ya rufa maka asiri, kada ka bari a ci mutuncinsa da laifinka.

Washegari bai je asibiti ba. Ya riƙo hannun matarsa har gidan Inna, ya zaunar da ita a kan kujera, shi ya durƙusa a ƙasa. Ya ce, "Inna, ki nemi gafarar 'yar mutane. Ni ne ba na haihuwa."