Ɓarawon Garin Akirilik

Auta ta buɗe akwatin kayan aikinta da safe, nan take ta san an shiga mata. Buroshin da Anti mai shago ta ara mata ya sandare kamar ƙusa, gashinsa ya manne wuri guda. Murfin kwalbar ruwan haɗi a karkace yake, robar garin akirilik mai launin ruwan hoda kuwa an ci kusan rabinta.

Ba ta daɗe da fara koyon sa farcen akirilik ba, kuma a makon nan Anti za ta gwada ta a hannun mutum. In ta ci, za a ba ta teburinta a shago. Buroshin nan kuwa, Anti ta ce ko 'yar cikinta ba ta taɓa ara wa ba.

Auta ta jiƙa buroshin cikin ruwan haɗi ko zai saki, sannan ta baje kayan a kan gado tana dubawa. Faratan roba suna nan a jere, ba a taɓa gam ba, farin gari ma a rufe yake. Jiya da rana ta bar akwatin a falo ta fita rakiya, da ta dawo ta ɗauke shi ba tare da ta buɗe ba. Mutum uku ne a gidan: Yaya, Mama da Baba.

Ta fara da Yaya, wadda ke shirin tafiya asibitin da take aikin jinya.

"Yaya, miƙo hannu in gani."

Yaya ta miƙa. Farata a yanke tas.

"Kin taɓa mini akwati jiya?"

"Ni da ake duba wa farce a bakin aiki? Kuma sau nawa na zauna kina gwaji a hannuna kina mini wa'azin goge buroshi?"

Auta ta yarda. Duk wanda ya taɓa zama a gabanta ya san ana goge buroshi a tishu bayan kowane ɗiba, in ba haka ba haɗin ya daskare a ciki. Ɓarawon bai san wannan ba.

Mama tana wanke-wanke. Da ta ji batun ta ce Allah ya raba ta da wannan ruwa mai hawa kai, ko daga nesa ta shaƙa sai ta wuni tana atishawa. Ta ƙara da cewa jiya ma ta yi ta yi, har ta zaci Auta ce ta dawo. Auta ta tambaye ta daga ina warin ya fito. Mama ta nuna can baya da haɓa, wajen rumfar da Baba ke ajiye tsofaffin kayan gininsa.

A rumfar, a kan wani bulo, Auta ta tarar da murfin kwalba da busasshen haɗi a ciki, da guntun takardar gugar katako da ta yi ruwan hoda. Tana tsaye sai ta jiyo Baba a falo yana ƙyaƙyata dariya da mai labarin rediyo, yana taunar gyaɗa ƙurus-ƙurus. Kwanan nan kuwa in ba abu mai laushi ba ba ya ci, magana ma sai ya kare baki da hannu.

Ta shiga falo, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ajiye murfin a gabansa. Mama da Yaya suka biyo ta.

"Baba, yau kuma gyaɗa ake ci?"

"Sauƙi ya samu."

"Wane magani kuka sha?"

Baba ya ƙure rediyo da ido, ya ce ai ana labarai.

Auta ta yi bayani a natse, murmushi na neman ƙwace mata. Mai son yin farce, in ji ta, da ya ɗauki faratan roba da gam. Wannan ya tsallake su, ya tsallake farin gari, ya zaɓi mai ruwan hoda kawai, launin dasashi. Ya san kwaɓi, amma bai san buroshi ba. Kuma mutum ɗaya ne a gidan ke da takardar gugar katako.

"Baba, ku ciro haƙoran mu gani."

Ya dubi Mama neman agaji, ta harɗe hannu. Sai ya juya baya ya ciro haƙoran robarsa. Ga tsagar da suka yi a tsakiya, an liƙe ta, an goge sumul. Ya ce faɗuwa suka yi a wajen wanka, ya ji kunyar faɗa. Shi da ya yi rayuwarsa yana toshe tsagar bango, ya ga ba dalilin da ɗan wannan zai gagare shi.

Mama ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Yaya ta karɓe haƙoran ta naɗe a hankici, ta ce abin farce ba na baki ba ne, yau ɗin nan za ta kai shi wurin likitan haƙori, ya je ya sa riga.

Kafin azahar buroshin ya saki, gashinsa ya dawo lallausa. Auta ta yanke hukunci, Mama ta sa hannu: Baba zai sayo gari, kuma zai ba da hannunsa a yi gwaji.

Da yamma ya zauna a rumfa, ya miƙa mata yatsunsa masu kaushi. Ta tsoma buroshi a ruwa, ta dangwali gari, ta ɗora a farcen babban yatsa. Haɗin ya malale gefe.

"Ruwa ya yi yawa," in ji Baba da bakinsa wayam, don haƙoran suna wurin likita. "Matse shi a bakin kwalba. Siminti ma in ya yi ruwa ba ya zama."

Ta matse, ta sake ɗiba. Ɗan dunƙulen ya zauna daram, ta lallaɓa shi har baki. Baba ya ɗaga yatsan yana juya shi a haske, ya daɗe yana kallo.

"Wannan gini ya yi," ya ce. "Amma ki cire mini shi kafin abokaina su zo hira."