Maɓalli a Kunnen Baƙon Ɗan Akuya

Magariba ta doso, inuwar duwatsun Dutse ta riga ta rufe tsakar gidan, Larai tana tuƙa tuwo. Sai wani abu ya faɗo cikin tukunya. Ta ɗauka tsakuwa ce. Da ta ɗago da muciya, ashe kashin akuya ne, ɗanye shar. Kafin ta miƙe wani ya faɗa miya, wani cikin randa. Ta leƙa soro, ta dubi katanga, ba kowa. Ranar nan da yunwa suka kwanta.

Bari in gaya muku tushen abin, 'ya'yana. Mijinta Maharazu mai tsaron sito ne a wata ma'aikatar gona, a shekarun da aka fara shari'a. Turawan aikin sun zo da wasu 'yan maɓallai, kowanne da siririyar waya a naɗe a ciki da lambarsa. A ɗinka a buhun taki, ko a maƙala a kunnen saniya. In an zo da wata na'ura kamar tocila, sai ta aika kira irin na rediyo, maɓallin ya amsa da lambarsa, ta yi ƙara. Ko buhu yana ƙarƙashin 'yan uwansa, sai ya amsa. Ba a sake ɓoye komai a siton nan ba.

Abin ya burge Maharazu. Ya kwaso ragowar maɓallai, ya huhhuda kunnuwan awakinsa, yana aro na'urar ya kwana da ita a gida. To akwai wani baƙin ɗan akuya da ya biyo garken wata rana da almuru. Kowa ya san dabbar da ta shigo haka wurin mai unguwa ake kai ta a yi cigiya, ba a yi mata shaida. Larai ta faɗa masa. Ya ce cigiyar me, abin da ya kawo kansa. Ya sa basilla ya huda masa kunnen hagu, ya maƙala maɓalli. Ba na son zagin mutum, amma wannan kwaɗayi ne tsagwaronsa.

Tun daga nan aka fara jifan, kullum da yamma sai ya dawo. Na'urar kuwa tana rataye a ƙusa, sai ta riƙa ƙara ita kaɗai, a gindin rumbu, a bakin rijiya, inda ido ba ya ganin komai. Ɗan akuyan ya ɓace, amma ɗoyinsa bai bar gidan ba. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗiban wuta.

Sannan kunnen 'yarsu Sa'adiya na hagu ya kumbura. Mugunya ta riƙa bin wuyanta, ƙudaje suna binta har banɗaki. A asibitin Jahun an wanke, an ba da magani, washegari ya dawo. Wata yamma ta durƙusa a turke da hannu da gwiwa, tana tauna ƙaiƙayi, yawu na dalala.

Aka ɗauko Malam Ashafa daga Ringim. Ya iso bayan la'asar, ya toshe hanci da gefen rawani, ya zauna ya fara karatu a kanta. Can yarinyar ta ɗago, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Ɗana kuka huda. Kun sa masa lamba kamar buhun taki."

Malam ya tambaye ta me take nema a jikin 'yar mutane. Ta ce su aljanu Allah ya yi su a ɓoye, amma yanzu ko cikin dutse ɗanta ya shige, ƙarfen nan na kira sai ya amsa. Danginsu sun daina cin abinci da shi, suna ƙyamarsa. Ta ce a yanka mata baƙar tunkiya. Malam ya ce ba a yanka sai don Allah, ya ɗaga murya da karatu har ta yi ƙara.

Muryar ta ce, "To wanda ya huda ya cire. Da hannunsa. Ya wanke."

Maharazu ya ce bai san inda dabbar take ba. Larai ta ciro na'urar daga ƙusa ta cusa masa a hannu.

"Baban Sa'adiya, kai da ka iya neman kaya, nemo."

Ƙarar ta kai shi bayan rumbu. Ɗan akuyan yana kwance, kunnen ya ruɓe, tsutsotsi suna motsi a kewayen maɓallin. Maharazu ya yi amai, ya goge baki, ya sa yatsu ya zaro shi, ya wanke ramin da ruwan gishiri yana kakari. Dabbar ta tashi, ta dube shi, ta fita ta soro a hankali.

Sa'adiya ta yi atishawa mai ƙarfi ta zube. Da ta farfaɗo ta nemi ruwa. Kunnen ya bushe kafin Juma'a.

Bayan nan Larai ta tsaya ta hagun Sa'adiya tana kiran sunanta, ta kira, ta ƙara kira. Yarinyar tana ta tsintar wake abinta, ba ta juyo ba.