Minti Arba'in Ba a Kashe Inji

"Kada ka taɓa makullin nan!"

Hannun Dogo ya tsaya cak. Ya juyo ya dube ta, ita kuwa idonta na kan allon motar, inda wani siririn layi shuɗi ya fara rarrafe daga hagu zuwa dama.

"Gani na yi inji na ta aiki a banza..."

"In ka kashe shi yanzu, allon nan ya mutu ke nan, sai dai a jefar. Minti arba'in yake ɗauka. Ko ƙofa ba a buɗewa, tana yanke masa wuta."

Sai da maganar ta fita daga bakinta ta gane abin da ta jawo wa kanta. Mako biyar tana gudun mutumin nan. Ta toshe lambarsa, ta mayar masa da zobensa a cikin ambulan, yau ga shi da hannunta ta kulle kanta a mota ɗaya da shi.

Injiniya ake kiranta a garejin tun tsawonta bai wuce na taya ba. Babanta ne mai wurin, kuma shi aikinsa ɗaya ne: a ciro rediyon da mota ta zo da shi daga kamfani, a dasa na kasuwa mai faffaɗan allo da sauti har maƙwabta su shaida. Ita kuwa ta yi karatun na'ura, ta dawo da ƙaramin filash a aljihu da taurin kai irin na gidan. Sabunta manhajar allon kamfani take yi, ba ta yanke ko waya ɗaya. Kullum sai sun yi musu a kan haka, ma'aikata har sun daina ɗago kai.

Da safen nan Dogo ya shigo da motarsa, ya rame, rigar ma kamar ta aro. Ya gaida Baba, ya ce kira ke katsewa in wayarsa ta haɗu da motar.

"A cire allon kawai!" in ji Baba, har ya ɗauko kwali. "Ga sabo dal, har fim za ka kalla."

"A cire mana, ina ruwana," ta ce, tana goge abin da ba shi da datti.

Amma da ta ga filayar yankan wayar Baba ta doshi gaban motar, sai ta sha gabansa.

"Baba, in ka yanke wayoyin nan maɓallan sitiyari sun tashi daga aiki, kyamarar baya ta makance. Lafiyarsa ƙalau, manhajar ce ta tsufa."

"Au! Ashe da ruwanki?"

Ta shiga ta zauna, ta soka filash, ta ce wa mai motar ya tayar da inji. Baba ya koma kan bencinsa yana murmushin da ya ƙara ƙona mata rai.

Yanzu ruwa ya sauko. A bakin rumfar gareji motar take, rabinta a waje, sai ɗigon ya riƙa gangarowa a gilashin gaba yana narkar da komai, jajayen kwalaye da tayoyi da Baba kansa duk suka zama launuka marasa gefe. Ƙamshin turarensa na nan yadda ta san shi. A wannan kujerar ta fara zama shekara biyu da suka wuce, ranar da ya zo yana ƙorafin taswirar motar tana zagayawa da shi unguwa ɗaya. Ta gyara a rana guda. Ya dawo mako na gaba wai agogo ya yi latti, na gaba kuma wai sautin hagu ya fi na dama. Mai zanen gine-gine ne, amma ƙarya ba ya iya zana ta, a karo na huɗu ta ce masa in magana ce da shi ya yi kawai.

Layin ya kai kashi talatin.

"Kin rame, Injiniyata."

"Ni ba taka ba ce. Ka tambayi mai sunan nan da ke allonka."

Abin da ya raba su ke nan, a faɗar mutane. Wata rana ta kunna allon za ta sa waƙa, sai ga jerin wayoyin da aka taɓa haɗawa da motar, a saman nata akwai wani sabo: Amaryar Dogo, har da hoton zuciya a gefe. Wayar 'yar gwaggonsa ce, wadda ta tare a gidansu tun bara, ta zama 'yar gaban goshin Umma, mahaifiyarsa.

"Ita ta kai Umma asibiti da motar," ya ce a hankali. "Ni ko haɗa wayata ban iya ba, ke kike min. Kuma ke kika koya min cewa sunan daga cikin wayar mutum yake zuwa, motar karantawa kawai take yi. Kowa ya ga dama zai iya kiran wayarsa sarkin duniya."

Ta kafa wa layin ido.

"Kin manta ne?"

"Ban manta ba."

"To me ya sa..."

"Tun kafin in sauka daga motar na san aikinta ne! Kana ganin ban san sana'ata ba?"

Ta juya wajen taga, tana bin ɗigon ruwa ɗaya da ido har ya haɗe da wani. Ta so ta yi fushi, amma kewar da ta yi mako biyar tana dannewa ta fi ƙarfin fushin, kuma ta gaji.

"Ranar da ka kai ni gaida Umma," ta ce, "ta kalli farcena, ta ce ita ɗanta ba zai kwaso mata yarinyar gareji ba. A gabana ta faɗa. 'Yar gwaggon taka na dariya a bayan labule. Na dube ka, Dogo... na jira. Kai kuwa kana ta juya cokali a kofin shayi."

"Na ce zan lallaɓa ta daga baya..."

"Daga baya! Ni a lokacin nake tsaye."

Kashi sittin. Injin na ta gurnaninsa ƙasa-ƙasa.

"Da na ga sunan nan sai na samu ƙofa," ta ce. "Ya fi min sauƙi in ce ka ci amanata, da in ce wanda nake so kamar raina ba zai iya buɗe baki saboda ni ba."

Bai kare kansa ba, abin da ya fi ba ta mamaki ke nan. Ya ɗora goshinsa a kan sitiyari, ya daɗe a haka. Ta ga wasu furfura guda biyu a bayan kunnensa da ba ta san su ba, hannunta ya ɗaga da kansa zai taɓa, ta maido shi cinyarta ta danne da ɗayan.

Ta lumshe ido, ta bar kanta ta yi mafarkin da ta hana kanta: doguwar hanya, rana na faɗuwa, shi yana tuƙi, ita tana gyangyaɗi a nan gefe, ba inda suke sauri. Ta san da zarar layin ya cika za ta buɗe ƙofa ta fita, shi ke nan, sai ta samu kanta tana roƙon layin ya yi nawa.

Bai yi ba. Allon ya yi baƙi, ya sake haske, ya dawo fes, ya share duk abin da ya taɓa sani.

Ta miƙa hannu ba tare da ta kalle shi ba.

"Kawo wayarka." Ta haɗa ta da motar. "Saura gwaji. Ba ma sallamar mota sai mun ji kira ya tafi daidai. Kira kowa ma, ka yi minti ɗaya."

Ya danna. Ƙarar ta cika motar ta kowane lungu, sau ɗaya, sau biyu.

"Ɗan albarka, ina ka shiga tun safe?"

Muryar Umma ce. Ta kai hannu za ta katse, ya tare allon da tafinsa.

"Umma, ina gareji. Tana nan kusa da ni, tana jin ki." Bai jira amsarta ba. "Ranar nan kin faɗi magana a kanta na yi shiru. Ban kyauta mata ba, ke ma ban kyauta miki ba, don na bar ki kina zaton zan canja. Umma, ba zan canja ba. Hannun nan da kika raina, da shi take ci, kuma ban taɓa ganin mai tsabtarsa ba. Ki yafe min, amma ita nake so. In ba ita ba, to na haƙura da auren."

Injiniya ta duba allo ko kiran ya katse.

Sakan na ta ƙirguwa.

"Mako biyar ba ya cin abinci," muryar Umma ta fito a ƙarshe, a gajiye. "Na ɗauka zai wuce. Ke... kina jina?"

"Ina ji, Umma."

"Kuka kike yi?"

"A'a, Umma," ta ce, hawaye na ɗiga a kan rigar aikinta.

"Ke ma ba ki iya ƙarya ba, kun dace. Ban ce na sauko duka ba, kada ku ɗauka. Amma ki zo gobe mu zauna, ni da ke, ban da shi, ban da kowa a bayan labule."

Kiran ya ƙare. Dogo ya sauke ajiyar zuciya, ya juyo da jajayen idanu.

"Na yi latti ko, rabin raina?"

"Ka yi," ta ce tana share fuska da bayan hannu. "Mako biyar cur."

"To yanzu in kashe injin?"

Ta dubi ruwan da ke ta zuba, ta dubi Baba can a benci yana yi kamar jarida yake karantawa. Ta gyara zama, ta jingina kanta da kujera.

"Bar shi tukuna. Ban gama kallonka ba."